Izinin Ɗibar Ruwa da Rabonsa Domin Ban-Ruwan Wuraren Shaƙatawa da Filayen Wasanni a Birnin Jos

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bar Jos a watan Agusta, sa'an nan ya komo mata a watan Fabrairu, zai ga kamar an sauya masa gari. Ciyawar da ya bari kore shar a filayen ƙwallo da wuraren shan iska ta bushe ta yi ja, ƙura kuma ta maye gurbinta. Wurin da ya ci gaba da zama kore a wannan lokaci, to wani ne yake ba shi ruwa, kuma ruwan nan daga wani wuri aka ɗebo shi, inda wasu mutane su ma suke da bukatarsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan yadda ake samun ikon ɗibar irin wannan ruwa a Jos, da yawan ruwan da ake bukata, da kuma yadda ya kamata a raba shi idan ya yi ƙaranci. Za a nuna cewa ban-ruwan wuraren jama'a ya faɗa a tsakanin rukunonin da dokar ƙasa ta ambata, domin shi ba amfanin gida ba ne, ba noman mutum na kansa ba ne, kuma ba kasafai yake zama kasuwanci ba. Saboda haka wanda za a nemi izini a wurinsa ya danganta ne ga inda aka ɗebo ruwan. Kafin a shiga wannan bayani, ya kyautu a fara daidaita kalmomin da za a yi aiki da su.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

A bakin Bahaushe, ban-ruwa kalma ce mai faɗi. Mai lambu yana ban-ruwa, mai dabbobi yana ban-ruwa, haka ma maginin da ke yayyafa wa bulo ruwa. A wannan maƙala an taƙaita ta ga shayar da ciyawa da furanni da itatuwa a wuraren da aka keɓe domin wasa ko hutawa.

Akwai kuma kalmomi huɗu da akan cuɗanya su a magana ta yau da kullum, amma a sha'anin ruwa kowace da inda ta dosa:

(a) Haƙƙi: abin da doka ko al'ada ta ba mutum tun asali, ba tare da ya nemi yardar kowa ba, kamar ɗibar ruwan sha a rafi.

(b) Izini: yardar da mai iko ya bayar a yi wani abu wanda in ba da ita ba, yin sa laifi ne.

(c) Lasisi: izinin da aka rubuta a takarda, mai sharuɗɗa da wa'adi, wanda galibi akan biya masa kuɗi.

(d) Kaso: adadin ruwan da aka yanka wa mai izini, wato lita kaza a rana ko a wata.

Amfanin wannan rarrabewa shi ne, mutum yana iya riƙe da izini amma ba a yanka masa kaso ba. Idan haka ta faru, to an ce masa ya ɗiba, amma ba a gaya masa inda zai tsaya ba. Yawancin saɓanin da ke tasowa tsakanin masu shan ruwa a tafki ɗaya daga nan yake samo asali.

3.0 Yanayin Jos da Hanyoyin Samun Ruwanta

Birnin Jos yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku. Ruwan saman da yake samu a shekara yakan kai tsakanin milimita 1,300 zuwa 1,400, wanda ya ɗara na Kano da Sakkwato nesa ba kusa ba. Sai dai kusan dukkan ruwan nan yana sauka ne daga Afrilu zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris, wato kimanin wata biyar, sai hunturu da busasshiyar iska. Bugu da ƙari, ƙarƙashin garin dutse ne mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsattsagewarsa da kuma ruɓaɓɓen ɓangarensa na sama. Wannan ya sa rijiyoyi da yawa sukan ja baya ko su ƙafe kafin faɗuwar damina.

Wani abin lura kuma shi ne, tsaunukan Jos mafari ne na koguna. Daga nan kogin Kaduna ya taso ya nufi Kwara, haka kogin Gongola da wasu rassan Binuwai. Kogin Dilimi, wanda ya ratsa tsakiyar birnin, ya gangara ƙasar Bauchi ya shiga jerin kogunan Jama'are da Yobe, waɗanda suke ƙarewa a tafkin Chadi. Ke nan ruwa fita yake yi daga Jos, ba ya shigo mata daga wani wuri. Abin da ba ta tare ba da damina, ya wuce ke nan.

Hanyoyin samun ruwa a birnin sun kasu kashi huɗu. Na farko shi ne ruwan famfo, wanda ake tacewa daga madatsun ruwa irin su Tolle Mache da Kogin Giri da Lamingo da Liberty, da kuma babbarsu, wato madatsar Yakubu Gowon da ke Shen. Na biyu shi ne rijiyoyi, na hannu da na burtsatse. Na uku koguna da rafuka. Na huɗu kuwa, wanda ya bambanta Jos da sauran biranen Arewa, shi ne tafkunan kuza. Tun daga farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a wannan yanki, kuma da suka tashi sun bar ɗaruruwan ramuka masu zurfi a kewayen Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda suka cika da ruwa suka zama tafkuna.

Waɗannan tafkuna da kogin Dilimi suna da masu su a aikace. Tun zamanin haƙar kuza masu lambu, cikinsu har da Hausawa da yawa, suke noman rani a bakinsu, da jigo a da, da injin ban-ruwa a yanzu. Kabeji da karas da latas da tumatir da ake lodi daga Jos zuwa wasu biranen ƙasar nan, da yawansu da wannan ruwa aka noma su. Saboda haka duk mai niyyar jan ruwan tafki zuwa filin wasa, ya san cewa ya tarar da wasu a wurin.

4.0 Wuraren da Ake Magana a Kansu da Yawan Ruwan da Suke Sha

Jos tsohon gari ne a fagen wasanni da shaƙatawa. Filin wasan golf na Rayfield, wanda aka kafa a 1913 domin Turawan kuza, ana lissafa shi a matsayin mafi daɗewa a Nijeriya. Akwai wani filin golf a Lamingo, akwai kuma filin folo. An buɗe gidan tarihi na Jos a 1952 a ƙarƙashin jagorancin Bernard Fagg, kuma gidan namun daji da ke maƙwabtaka da shi ya biyo baya a cikin shekarun 1950. Gandun namun daji na Jos an kafa shi a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Sai wurin shaƙatawa na Solomon Lar a cikin gari, da na Rayfield wanda aka gina a bakin wani tsohon tafkin kuza. A ɓangaren ƙwallon ƙafa akwai filin Rwang Pam da sabon filin wasa na hanyar Zariya. Ƙungiyar Mighty Jets ta Jos ce ta fara cin gasar lig ta ƙasa a 1972, Plateau United kuma ta ci a 2017. Bayan waɗannan akwai filayen makarantu da na barikoki masu yawa.

Abin da ya kamata a lura da shi a wannan jeri shi ne, masu mallakar wuraren sun bambanta. Wasu na gwamnatin tarayya ne, wasu na jiha, wasu na ƙungiyoyi masu zaman kansu, wasu na makarantu. Babu hukuma ɗaya da take lissafin ruwan da suke sha gaba ɗaya a madadinsu.

Domin a gane girman al'amarin, bari mu yi lissafi da filin ƙwallon ƙafa guda. Cikakken fili yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, wato murabba'in mita 7,140. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Idan muka ƙaddara cewa ciyawa tana bukatar milimita 5 a rana da rani, wanda matsakaicin ƙiyasi ne, za mu sami:

(a) A rana ɗaya: lita 35,700, wato jarka 1,428 mai cin lita 25.

(b) A kwana 150 na rani: lita 5,355,000.

(c) Idan aka ba kowane mutum lita 50 a rana domin sha da girki da wanka da wanki, ruwan fili ɗaya zai ishi mutum 714.

Wannan lissafi na fili ɗaya ne tak. Filin golf ko na folo ya ninka shi sau da dama in har za a shayar da shi duka. Wannan ne dalilin da ya sa filayen golf da yawa a Arewa suka daɗe suna amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a kewayen ramukan, a maimakon lallausar ciyawa.

Amma akwai wani ɓangare na lissafin. Ruwan saman da ke sauka a kan wannan fili da damina, in aka ɗauki milimita 1,300, ya haura lita miliyan 9. Wato abin da sama take bayarwa a kan filin ya fi abin da yake bukata da rani. Matsalar Jos ke nan a taƙaice: akwai ruwa, amma lokacin zuwansa daban da lokacin bukatarsa, ma'ajiya kuma ta yi kaɗan.

5.0 Abin da Doka ta Tanada

5.1 Dokokin Tarayya

Tsarin mulkin 1999 ya sanya ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai take yi wa doka. Babbar dokar da ake aiki da ita kuwa ita ce Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993, wadda gwamnatin soja ta kafa, aka kuma shigar da ita cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Dokar ta danƙa wa gwamnatin tarayya ikon sarrafa irin wannan ruwa, na sarari da na ƙarƙashin ƙasa. Sa'an nan ta bar wa jama'a wasu haƙƙoƙi. Kowa yana iya ɗibar ruwa kyauta a kogin da jama'a suke da hanyar isa gare shi, domin amfanin gida ko shayar da dabbobi. Wanda yake da haƙƙin zama a kan wani fili, bisa doka ko bisa al'ada, yana iya amfani da ruwan ƙarƙashin filin ko na kogin da ya yi iyaka da shi, domin amfanin gida da dabbobi da ban-ruwan gonarsa ta kansa. Karkatar da ruwa ko tare shi ko jan sa da yawa domin sana'a kuwa, sai da lasisi. Dokar ta kuma ba minista ikon ƙayyade abin da kowa zai ɗiba a lokacin ƙarancin ruwa.

A 2007 aka kafa hukumar tarayya mai lura da rabon albarkatun ruwa, wadda aka fi sani da NIWRMC, kuma a 2016 aka fitar da ƙa'idojin amfani da ruwa da bayar da lasisi waɗanda take aiki da su. An yi ƙoƙarin haɗe dokokin ruwa a cikin sabon ƙuduri ɗaya, wanda ya sha kai da komowa a majalisar tarayya har zuwa 2023, amma bai zama doka ba saboda adawar da ya fuskanta a kan batun ikon jihohi da filayen bakin kogi.

Idan aka ɗora filin wasa a kan waɗannan rukunoni, za a ga bai zauna daidai a ko ɗaya ba. Ciyawar fili ba amfanin gida ba ce, ba dabba ba ce. Kiran ta gonar mutum ta kansa zai yi wuya, tun da mai filin hukuma ce ko ƙungiya. Kiran ta sana'a yana iya dacewa da wurin da ake biyan kuɗin shiga, amma bai dace da filin makarantar firamare ba.

5.2 Izini Gwargwadon Inda Aka Ɗebo Ruwan

Ruwan famfo yana hannun jiha. Shekaru da yawa Hukumar Ruwa ta Jihar Filato ce take tace shi tana rabawa, har dokar sashen ruwa ta jihar ta 2019 ta sake fasalin aikin, ruwan birnin ya koma hannun kamfanin gwamnati mai samar da ruwa ga Jos. A nan filin wasa abokin ciniki ne kamar kowa: a haɗa masa bututu, a kawo masa takardar biya. Illar wannan hanya ita ce, ruwan da aka kashe kuɗin alam da kuloriin da wutar lantarki wajen tace shi domin cikin ɗan Adam, shi ake zuba wa ciyawa, alhali unguwanni da dama suna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa.

Rijiyar burtsatse ita ce mafi sauƙi ga mai fili, domin a cikin harabarsa take. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Idan aka yi ta jan dubban lita kullum daga tsagar dutse, rijiyoyin maƙwabta marasa zurfi su ne farkon ƙafewa, kuma masu su ba su da hanyar nuna wanda ya janye musu ruwa.

Ruwan kogi, kamar na Dilimi, shi ne ya fi shiga ƙarƙashin ikon tarayya, tun da ya tsallaka iyakar jiha. A nan ma akwai wani abin lura. A tsarin hukumomin raya koguna, Jihar Filato tana ƙarƙashin hukumar Binuwai ta Ƙasa mai hedkwata a Makurɗi, amma ruwan Dilimi yana gangarawa ne zuwa yankin hukumar Haɗeja da Jama'are mai hedkwata a Kano.

Tafkin kuza kuwa ya fi duka sarƙaƙiya. Asalinsa ramin ma'adinai ne, ma'adinai kuma na tarayya ne; har Dokar Ma'adinai ta 2007 tana da nata izinin amfani da ruwa domin masu haƙa. Ƙasar da ramin yake a kai, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, tana hannun gwamna a matsayin amana. A wurin mutanen ƙauyen kuwa, gonar kakanninsu ce aka haƙe, kuma su ne suke ba masu lambu aro ko haya. Mai neman ruwan tafki zai iya samun takardar hukuma, amma in bai zauna da waɗannan ba, bututunsa ba zai daɗe ba.

6.0 Rabo a Lokacin Ƙaranci

Tun da daɗewa malaman fiƙihu suka bambanta haƙƙin sha, na mutum da dabba, da haƙƙin ban-ruwan shuka, suka gabatar da na farko a kan na biyu. Dokokin zamani ma a kan wannan jeri suke tafiya. Dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998 ta ware wani kaso domin bukatun mutum na dole da lafiyar kogin kansa, wanda sai an cire shi kafin a ba kowa lasisi. Da fari ya tsananta a birnin Cape Town, a watan Fabrairun 2018 aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, aka kuma hana ban-ruwa da ruwan famfo, abin da ya tilasta wa masu filayen wasa komawa ga rijiyoyi da ruwan da aka sake tacewa, ko su dakatar da wasanni. A Ingila kuwa, duk mai ɗibar fiye da lita 20,000 a rana daga kogi ko ƙarƙashin ƙasa sai ya mallaki lasisi. Bisa wannan ma'auni, filin ƙwallon da muka yi lissafinsa a sama ya wuce haddi.

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da abubuwan da ya kamata takardar izinin ban-ruwan wurin jama'a a Jos ta ƙunsa:

(a) Sunan tafki ko rijiya ko kogin da za a ɗiba.

(b) Kaso a rana, da watannin da izinin ya shafa.

(c) Mita a bakin bututu, domin kason da ba a auna shi ba magana ce kawai.

(d) Alamar zurfi a tafkin, wadda in ruwa ya sauka ƙasa da ita, ciyawa ce za a fara yanke wa ruwa kafin lambu, lambu kuma kafin sha.

(e) Gwajin ruwan lokaci-lokaci, domin Dilimi yana ɗauke da dattin gari, tarkacen kuza kuma yana ƙunshe da ma'adinai masu illa, ga shi yara suna birgima a kan ciyawar.

(f) Wa'adi, domin a sake duba kason idan jama'a sun ƙaru.

Akwai kuma hanyoyin rage bukatar tun daga tushe. Ban-ruwa da asuba ko da yamma ya fi na tsakar rana tsimi, kuma ƙiri-ƙiri da danginta na gida sun fi baƙuwar ciyawa jure fari. Rufin rumfunan 'yan kallo yana iya tara ruwan damina a tanki. Ciyawar roba, irin wadda aka shimfiɗa a sabon filin hanyar Zariya, tana rage shan ruwa ƙwarai, sai dai tana da tsada, tana zafi da rana, kuma takan bukaci sauyi bayan kimanin shekara goma.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an bambanta haƙƙi da izini da lasisi da kaso, an bayyana hanyoyi huɗu na samun ruwa a Jos, an kuma nuna cewa filin ƙwallo ɗaya yana iya shan ruwan mutum sama da 700 a kowace rana ta rani. An ga yadda dokar 1993 ba ta ambaci wuraren wasa da hutawa a matsayin rukuni na kansu ba, da yadda ikon bayar da izini ya rarrabu tsakanin tarayya da jiha da masu ƙasa na gargajiya.

Wannan ba ya nufin a bar filayen su bushe. Garin da ya fitar da 'yan ƙwallo masu yawa, yake kuma neman baƙi masu yawon buɗe ido, yana da bukatar wuraren da matasa za su yi wasa, iyalai su sha iska. Abin da bayanan da suka gabata suka nuna shi ne, ya kamata a dace kowane ruwa da aikinsa: tataccen ruwa ga sha, ruwan tafki da tarin damina ga ciyawa, tare da rubutaccen kaso wanda masu lambun bakin tafkin suka san da shi, suka kuma yarda. Hausawa sun ce ruwa abokin aiki, amma in masu aikin sun yi yawa a tafki ɗaya, sai an san rabon kowa kafin watan Maris ya zo. A ƙarshe, tun da yawancin masu lambu da ma'aikatan filaye a Jos da Hausa suke hulɗa, fassara sharuɗɗan irin wannan izini cikin tsayayyun kalmomi aiki ne da yake jiran masana harshe.